Yadda Za Ka Cika Akwatin Kifin Teku Ba Tare Da Ka Ce Wa Kowa A'a Ba

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari cikin wata huɗu za ka mallaki akwatin gilashi na ruwan teku wanda duk layinku zai san da zamansa, kuma ba za a samu mutum ɗaya da zai buɗe baki ya ce ka ɓata masa rai ba. Wannan tabbas ne. Maganar ko kifayen za su rayu, wani darasi ne daban, kuma ba ni ke koyar da shi ba.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Ban taɓa kiwon kifi ba, wanda na fi sani shi ne na cikin faranti. Amma katanga ɗaya ce tsakanina da Pak Darmaji a nan birnin Semarang na bakin teku shekara ashirin da biyu, kuma na sha shayi a falonsa tun ranar da aka shigo da akwatin har ranar da komai ya kammala. Pak a nan lakabin girmamawa ne na dattijo, Bu na mace, Mas na wanda bai kai dattijo ba. Shi Pak Darmaji ne shugaban layinmu, gida arba'in da biyu. Ya yi ritaya daga wani kamfanin jigilar kaya na bakin tashar jiragen ruwa, kuma a iya sanina kalmar "a'a" ba ta taɓa ratsa haƙoransa ba. Dukanmu a nan haka aka rene mu, shi dai ya fi mu ƙwarewa. Abin da ya yi shi zan koya maka.

Mataki na ɗaya: Sayi ƙarami, ka ajiye shi inda za a gani

Babban akwati na masu niyyar kiwon kifi ne. Kai falo ka zo gyarawa. Nemi wanda bai wuce tsawon hannunka ba, mai cin lita sittin, ka ɗora shi kan kabad daidai inda baƙo zai hango shi tun bai gama cire takalmi ba. In ka kai shi ɗakin ciki kifaye za su huta, to amma wa zai san kana da su?

Likita ne ya jawo wa Pak Darmaji. Ya auna jininsa, ya ce ya nemi wani abin kallo da ba ya kawo ƙara. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana raba rigimar magudanar ruwa da ta kajin maƙwabta, da ya ji akwai halittun da ba sa magana, sai ya ɗauka albishir aka yi masa. Washegari ya hau babur ya nufi kasuwar kifin ado.

Mataki na biyu: Saurari mai shago da kyau, ka ce masa "to"

Mai shagon da za ka tarar zai zama irin Mas Gandung: ƙato, da singileti, hannu kullum a jiƙe, shekarun da ya yi cikin kifi sun wanke masa rabin ladabin da ake yi wa mutane. Zai faɗa maka gaskiya ba kwana-kwana. Kada gabanka ya faɗi, ba dole ne ka yi aiki da ita ba.

Ga abin da ya gaya wa Pak Darmaji. Gishirin girki na miya ne, kada ya kusanci akwatin. A zuba ruwan teku da yashi da duwatsun murjani, a kunna injin, a bar shi sati biyar babu kifi ko ɗaya har ruwan ya nuna. Bayan haka ƙananan kifi uku, in an matsa huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Mai sanyin hali ya fara shiga, mafaɗaci ya zo ƙarshe ko kuma ya yi zamansa a shago. Katantanwa da 'yan ƙaguwa su ne masu shara. Sabon kifi kuma a ware shi a wani mazubi na kwanaki, a ga ko ya zo da cuta. Daga nan ya ɗaga yatsa, ya ce in an manta sauran kada a manta wannan.

"Pak, duk kifin da aka kawo maka, bakinsa za ka fara dubawa. In maƙwabcinsa zai iya shiga ciki, to zai shiga. In ba yau ba, gobe."

Pak Darmaji ya sunkuyar da kai ya ce to. Ka riƙe wannan "to" ɗin da kyau, don a kanta aka gina darasin gaba ɗaya. Ba ta nufin ka yarda, ba ta nufin ka ƙi. Tana nufin maganar ta iso kunnenka lafiya, kuma kana yi mata fatan alheri.

Mataki na uku: Bar matarka ta zaɓi abu ɗaya, sau ɗaya

Wannan matakin yana da haɗari, domin daga nan ka samu abin da za ka iya rasawa. Amma kada ka tsallake shi.

Duk "to" ɗin da Pak Darmaji ya faɗa a waje, matarsa Bu Warsini ce ke ɗaukarta a ka a cikin gida. Ita ke ƙulla shinkafa ƙunshi arba'in na taron layi. Ita ke wanke kujerun da aka ara aka dawo da su da maiƙo, ita ke shimfiɗa wa dangin maƙwabta a ɗakin baya. Shekara talatin da ɗaya da aure ba ta taɓa neman a saya mata ko labulen falo ba. Falo wurin baƙi ne. Da tire take shiga, da tire take fita.

Ranar da sati biyar ya cika ya goya ta a babur, don dama tana da cefane a wannan hanyar. A shago ta wuce duk masu kwalliya ko kallo ba su ishe ta ba, ta je ta tsuguna gaban wani akwati a lungu. Wani ɗan kifi ne ruwan ɗorawa, tsawon yatsa, kwance a bakin rami ya zaro idanu. A bayansa wani jatan lande yana ta turo yashi waje, ya koma, ya sake turowa. Mas Gandung ya ce jatan landen ba ya gani sosai, amma shi ke haƙa gidan da su biyun ke kwana. Duk sanda ya fito, gashin bakinsa ɗaya yana kan wutsiyar kifin. Shi kifin ko ƙwayar yashi ba ya ɗagawa. Aikinsa ɗaya ne: in wani abu ya taho ya kaɗa wutsiya, su faɗa rami. Tare ake sayar da su, ba a raba su.

"Wato shi ba ya komai sai kallo?" in ji ta.

"Sai kallo, Bu. Amma bai taɓa yin shiru in abu ya taho ba."

Ta daɗe a tsugune. Sannan ta ɗago ta ce, "Waɗannan nake so, Pak."

Ta sa musu suna Mai Gadi da Mai Haƙa. Bayan kwana biyu wata 'yar kujerar katako ta baro kicin ta zauna gaban kabad. Kullum da safe kafin ta fita kasuwa sai ta kawo shayi kofi biyu maimakon ɗaya. Ta ba shi labari Mai Haƙa ya canja wa ƙofa wuri, shi ya ce wannan Mai Gadin malalaci ne, ita ta ce ya ƙyale shi yana bakin aiki. Hira ce ta banza, amma rabon su da irinta tun kafin a haifi 'yarsu. Pak Darmaji ya ji daɗi irin wanda bai san yana jiransa ba, har yakan riga ta zuwa falon ya gyara zaman kujerar. Jininsa ma ya sauka, likita ya ɗauka maganinsa ne.

Mataki na huɗu: Bari baƙi su ga kamar babu komai

Kyan waɗannan biyun shi ne da inuwar baƙo ta faɗa kan gilashi sun shige rami. Abin da baƙo zai gani yashi ne da dutse da kumfa. Ka san halinmu: kwanon da aka aiko da abinci ba a mayar da shi wayam, kuma ba wanda zai ga mazubi babu komai a gidan maƙwabcinsa ya samu sukuni. Tausayinka za a fara ji. Kada ka yi bayani, bayani yana kama da ƙin karɓa. Ka yi murmushi ka jira tsaraba.

Ta farko daga Bu Endang ta zo, shugabar matan layi, wadda ƙofarta ke kallon tasu. Ta dawo daga wurin 'yarta a Jepara riƙe da leda, ciki wasu shuɗɗan kifi biyu masu sheƙi. Karɓi da hannu biyu. Ka ce ai da ba ta wahalar da kanta ba. Maganar ware sabon kifi kada ma ta zo maka, domin mai tsaraba tana tsaye tana jira ta ga ka juye, kuma ware kifinta daidai yake da ka shinshina abincinta kafin ka ci.

Shuɗɗan nan suna da kyau, suna da ƙarfin rai, kuma babu masifaffu irinsu a tekun Allah. Cikin kwana uku babban ya kori ƙaramin bayan inji, ya tsare shi a can ba ci ba hutu har ya mutu.

Mataki na biyar: In tsaraba ta mutu, sayo irinta kafin mai ita ta leƙo

Ka sani tsaraba mai rai ba ta zama taka. Kai mai riƙo ne. Mai ita za ta riƙa zuwa gaishe ta, ta ƙirga, ta tambayi ko ta ci abinci. Saboda haka Pak Darmaji ya koma wurin Mas Gandung ya sayo wani shuɗin. Shi ma babban ya gama da shi. Ya sake komawa. A zuwa na uku Mas Gandung ya tambaye shi ko soya su yake yi. Bu Endang kuwa ta zo ta tsaya gaban gilashi ta ce ƙaramin nan kullum ƙara kyau yake, alamar gidan yana da albarka. Ni dai na yi imani tun na biyu ta gane. Ita ma a nan aka rene ta.

Ana cikin haka mijin 'yarsu ya zo hutu da talibanban na teku, kifin nan mai kumbura kamar ƙwallo, mai fuska kamar yana yi maka murmushi. Suruki ne, kuma karo na farko ke nan da ya kawo wani abu ba a roƙe shi ba, ina za a kai shi? Ya shiga akwati ya bi katantanwa ɗaya bayan ɗaya yana fasa su kamar gyaɗa. Ƙaguwa suka bi baya. Da masu shara suka ƙare, gansakuka ta rufe gilashi.

A nan za ka yi sulhu. Pak Darmaji ya naɗe hannun riga ya sake jera duwatsu, wannan ɓangaren na wane, wancan na wane, kamar yadda yake raba iyakar magudana. Ya ce da haƙuri kowa zai saba da kowa, ai shekara goma sha tara layinmu yana zaune lafiya a haka. Gaskiya ne. Abin da ya manta shi ne mu kunya ce ke riƙe da mu, kifi kuwa ba a koya masa ita ba.

Talibanban bai daɗe ba. Wasu fararen ɗigo suka feso masa, waɗanda shuɗi na uku ya shigo da su, ya kumbura sau biyu ya kife. Ba a sayo madadinsa ba, domin surukin a Jakarta yake, sai shekara-shekara. Wannan shi ne amfanin aurar da 'ya nesa.

Duk wannan hargitsin Mai Gadi yana bakin rami, wutsiya ba ta hutawa. Mai Haƙa ya rage fitowa. Bu Warsini tana nan tana kawo kofi biyu, sai dai hirar ta ragu.

Mataki na shida: In babba ya kawo, kada ka kalli bakin kifin. In ka kalla, ka manta

Pak Broto shi ne tsohon shugabansa a kamfani. Shi ya ɗauke shi aiki, shi ya shige gaba wajen nema masa auren Bu Warsini, kuma har yau in ya bugo waya Pak Darmaji a tsaye yake amsawa. Yana kiransa Dik Dar, yadda ake kiran ƙane. Wata Lahadi ya dawo daga kamun kifi a tsibiran Karimunjawa, ya sauka daga mota rungume da koriyar kula ta matarsa, irin wadda ake zuba shinkafa.

Aka buɗe. Lepu ne, kifin nan mai zanen ja da fari, fukafukai a baje kamar jelar talotalo, ƙayoyin dafi jere a gadon baya. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. Pak Darmaji ya yi kuskure ya kalli bakin, kuma yatsan Mas Gandung ya tsaya masa a ido. Ya buɗe baki zai yi magana. Ya ɗaga kai ya ga matarsa tsaye a ƙofar ciki da tire, ba kifin take kallo ba, shi take kallo.

"Dik Dar, ga sarki na kawo maka," in ji Pak Broto. "Akwatin nan naka ya yi kama da ofis ranar hutu."

Pak Darmaji ya ce to. Da hannunsa ya juye.

Kular aka bari a gidan, kamar yadda aka saba, sai an samu abin zubawa a mayar. Bu Warsini ta wanke ta, ta kife ta saman kanta a kicin. Sati ɗaya, sati biyu. Ya tuna mata cewa riƙe kular manya abin kunya ne. Ta ce ta sani, ba ta dai samu abin da ya dace da ita ba tukuna.

Mataki na bakwai: Nemi shawarar masani, sannan ka ƙirƙiro taka

Shuɗɗan Bu Endang suka ɓace, ƙaramin ranar Talata, masifaffen ranar Juma'a. Ko ƙaya ba a gani ba. Mas Gandung ya ce ba zai ƙara sayar masa da ko ɗaya ba, shi ba gidan abincin lepu ya buɗe ba. Ya ce a kawo masa lepun yau ɗin nan, yana da babban akwati, zai riƙe shi kyauta. Ya ce ɗan ruwan ɗorawar nan, Mai Gadi, shi ne na gaba.

Shawara ce mai kyau, saboda haka ka nemi dalilin ƙinta. Dalilin Pak Darmaji yana zuwa da ƙafarsa kowace Lahadi da safe, ya zauna awa biyu yana kallon sarkinsa. Me za a ce masa? An kai tsarabarka kasuwa?

Sai ya fito da dabararsa: baƙon da ya ƙoshi ba ya taɓa kayan gida. Ya shiga ɗura wa lepu abinci sau uku a rana. Lepu ya karɓa bai ce a'a ba, shi ma kamar ɗan layinmu. Ya yi ƙiba, ya yi tsawo, bakin ma bai tsaya a baya ba.

Ranar wata Asabar Bu Warsini tana tsince shinkafa a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba, ta yi maganar da ba ta taɓa yin irinta ba. Ina jin su ta katanga.

"Pak, ban taɓa roƙonka ka ƙi wani saboda ni ba. Gobe in ya zo, ka gaya masa akwatin ya yi wa kifinsa kaɗan. Ba sai ka ce a'a ba ma. Ka dai kaɗa wutsiya."

Ya ce to. Duk duniya babu wanda ya san wannan "to" ɗin kamarta. Na ji ta ci gaba da watsa tsakuwa cikin gwangwani.

Mataki na takwas: In abin ya faru, zuba shayi

Don a yi wa Pak Darmaji adalci, ya yi niyya. Tun asuba yake bitar maganar, ya naɗe ta cikin neman gafara har hawa tara. Ni ma ya kira ni in zauna, wai ko ganina zai ƙara masa ƙarfi.

Pak Broto ya zo, ya jawo 'yar kujerar katako ya zauna a kai, don ita ta fi kusa da gilashi. Ya yi zancen gwiwarsa. Ya lissafa abokan aikinsu da suka rasu. Ya ce tun da ya bar ofis wayarsa ta daina ƙara, 'ya'ya sun watse, yanzu wannan kifin ne ke sa shi aske gemu ranar Lahadi. Ba da wata manufa ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi muni.

Pak Darmaji ya gyara murya. "Pak, game da kifin nan…"

"Ina jin ka, Dik Dar."

"Ya yi kyau ƙwarai."

Mun daɗe a zaune ba motsi har masu rami suka manta da mu. Mai Haƙa ya fito da yashi a gaba, gashin baki kan wutsiyar abokinsa. Lepu ya sauko a hankali, ya baza fukafukai ya tare hagu da dama. Mai Gadi ya gan shi. Ya kaɗa wutsiya, Mai Haƙa ya koma ciki kamar an fizge shi. Ƙofar ramin ɗaya-ɗaya take ɗauka, kuma mai gadi shi ke shiga ƙarshe. Bakin lepu ya buɗe ya rufe a kan Mai Gadi. 'Yar ƙura ta tashi a bakin ramin ta kwanta.

Pak Broto ya daki cinyarsa don murna, ya tambaye mu ko mun ga wannan saurin. Mun gani. Bu Warsini ma ta gani, tana tsaye da tiren soyayyar ayaba. Ta ajiye shi a tebur, ko cokali bai yi ƙara ba, ta ce bismilla a ci tun da zafi, ta koma ciki.

Yanzu ka kula da abin da ƙwararre ke yi. Pak Darmaji ya ɗauki buta ya cika wa baƙonsa kofi. Ko ɗigo bai zuba a tebur ba.

Mataki na tara: Mayar da kula

Wannan matakin ba kai za ka yi ba. Za a yi maka.

Litinin da hantsi Pak Darmaji ya tafi wani taro a ofishin unguwa wanda ya ce wa to tun watan jiya. Ta katanga na ji ƙarar almakashi, ƙas, ƙas, ƙas, sau da yawa, irin na mai yanke ƙaya a tsanake. Sai ƙarar turmi. Sai ƙamshin kurkum da albasa da ganyen ayaba a kan wuta. Naman lepu fari ne mai daɗi, dafin a ƙaya yake, kowace matar bakin teku ta san haka.

Da ya dawo ya tarar da akwati babu sarki, ga koriyar kula a tebur da ɗuminta, ga matarsa cikin kayan fita.

"Na samu abin da ya dace," in ji ta. "Kai ni."

Sauran shi ya ba ni labari daga baya, da murya ƙasa-ƙasa. Sun isa gidan Pak Broto, aka yi gaisuwa doguwa. Ta nemi gafarar jinkirin kula, ta buɗe da kanta, ta ce a daure a ɗanɗana tun bai huce ba. Shinkafa ce da dakakken barkono da ƙunshin ganye guda ɗaya. Pak Broto ya warware ganyen. Ba ta cire fatar ba. Zanen ja da fari yana nan ana gani ta cikin kurkum. Ya kalli kifin, ya kalle ta, ya kalli Dik Dar, wanda ya samu wani abin sha'awa a jikin tabarma yana ta nazari. Mutum uku a ɗaki, kowa ya san abin da kowa ya sani.

To shi ma Pak Broto a nan aka rene shi. Ya wanke hannu, ya ci har ya suɗe yatsa, ya ce kayan yaji sun zauna daidai.

"Kiwon gida ne, Pak," in ji ta.

Tun daga ranar bai sake zuwa ranar Lahadi ba. Ba a yi musayar kalma mai zafi ko ɗaya ba. In sun haɗu a ɗaurin aure, gaisuwarsu abin koyi ce ga matasa. Ka ga ke nan na cika alkawarina.

Mataki na goma: Zauna ka more

Yanzu akwatin Pak Darmaji ya fi na kowa tsabta. Ruwa garau, yashi fari, dutse a jere. Mai Haƙa yana nan da rai, ya toshe ƙofarsa da ɓawon katantanwa. Ba ya fitowa, domin babu wutsiyar da zai ɗora gashin baki a kai. Wani lokaci in falo ya yi tsit za ka ji ƙas daga ƙarƙashin dutse, shi ke nan. Bu Warsini takan zo da dogon cokali ta ajiye masa abinci a bakin ƙofa, a tsaye, ta wuce. Kujerar katako ta koma kicin. Shayi ya koma kofi ɗaya, kuma Pak Darmaji yana shan sa shi kaɗai gaban yashi, yana kewar hirar banzar nan fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa.

Ya yi ƙoƙari. Ya je wurin Mas Gandung ya samu wani ɗan ruwan ɗorawa mai manyan idanu, ya sa aka ajiye masa. Ya dawo da sauri ya same ta tana shanya, ya ce gobe zai ɗauko wa Mai Haƙa sabon aboki, an ce yawanci suna karɓar juna cikin kwana biyu. Ta matse rigar da ke hannunta, ta yarfe ta, ta rataye.

"Bar shi a shago, Pak. Can akwai mai ce wa mutane a'a."

Ya tsaya riƙe da hular babur. Can ya ce to. Shekara ashirin da biyu ina jin wannan kalmar ta katanga, ranar ce kaɗai na ji ta fito masa da ƙyar.

Tsame hannu

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin kifi, ko katantanwa, ko ƙaguwa, ko kujera, ko kofi na biyu. Duk abin da ya ɓace a gidanka bayan bin matakan nan, tsakaninka ne da mai gidan cikin ruwa da mai gidan cikin kicin. In ka ga lallai sai ka zo ka kawo ƙorafi, ƙofata a buɗe take. Zan ba ka shayi, in saurare ka har ƙarshe, in ce maka to. Sai dai kada ka zo da yammacin yau. Ɗan'uwana ya aiko mini da wata ƙaguwa mai jan hannu daga Rembang, kyakkyawa, ga kuzari, kuma zan tsallaka da ita gidan Pak Darmaji. Akwatin nan nasa babu komai a ciki, abin har tausayi yake ba ni.